Rimot ɗin Motar Auta

"Kowa ya ja da baya!" na faɗa, na ɗaga rimot sama sai ka ce wani babban injiniya.

Auta na zaune cikin 'yar motarta ta wasa. Ta cika karo da bango, shi ya sa na farke motar, na harhaɗa wayoyi, har na ƙona yatsa, don tuƙin ya dawo hannuna. Maƙwabta ma sai da na kira su su gani.

Na danna gaba, mota ta tafi. Na danna hagu, ta karya hagu. Na saki, ta tsaya cak dab da bango. Aka ɗau tafi.

Na dubi matata. "Ke da kika ce ɓatawa zan yi, yanzu fa?"

Ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Baban Auta, batiran rimot ɗin nan fa suna cikin tocila tun safe."

Na buɗe bayansa. Wayam!

Auta ta ɗaga murya daga cikin mota. "Baba, ci gaba da dannawa! Yatsanka nake kallo, ba zan bari ka ji kunya ba."