'Yar Amshin Mikail

A Dukawuya cewa ake ba wanda ya kai Mikail saurin haɗa waƙa a kwamfuta, amma ba a taɓa ganin 'yar amshinsa ba. Da sabuwar waƙarsa ta fito, sai unguwa ta ɗauka: ai muryar Bahijja ce.

Yayanta Gali ya hana ta zuwa makaranta. Ta rantse ba ita ba ce, bai saurara ba. Ya tasa ta gaba har situdiyon Mikail.

"Malam, ta wace ƙofa kake shigo da ƙanwata?"

"Ni ban ma san ta ba," in ji Mikail. "Jiran 'yan amshi ɓata lokaci ne. Muryar namiji nake ɗauka in siranta ta."

"Ƙarya kake! Wannan muryar gidanmu ce."

"Ai kuwa ta gidanku ce."

Ya kunna waƙar, ya murɗa wani maɓalli. Muryar ta yi ta kauri har ta koma ta Gali sak, ta ranar da ya shigo cajin waya, Mikail ya sa shi gwada makirfo da amshin.

Bahijja ta dube shi. "Yaya, ashe haka ka iya rangaɗa amshi?"

Gali ya sunkuyar da kai. "Don Allah ki yafe mini, Bahijja."