Inda Kiyashin Suka Tafi

Illa ya fito daga bayan ɗaki yana tsalle, hula a hannu.

"Ta warke! Jama'a, Tabawa ta warke!"

Shekara biyu kenan yana auna ciwon sukarin matarsa da kiyashi: in sun taru a fitsarinta, ciwo na nan. Yau ko ɗaya bai leƙo ba. Har ya cafke zakaran sadaka.

Majo Dikko, ma'aikacin jinyar da ke yi wa Tabawa allurar insulin, ya jingine kekensa ya shiga ɗakin. Tabawa na kwance tana haki, kwana uku tana amai. Ya sunkuya, ya ji bakinta na warin ruɓaɓɓen mangwaro. Ya auna jini da fitsari.

"Malam Illa, saki zakaran nan. Sukarinta daidai yake, amma yunwa da tsallake allura sun sa jininta ya yi tsami, kuma wannan kisa yake. Zan yi mata allura yanzu, amma dole ta sha sukari tare, kafin mu kai ta asibitin Magaria. Kawo sukari!"

"Sukari? A gidana?" Illa ya bugi ƙirji. "Shekara biyu ko ƙwaya ɗaya ba ta tsallako ƙofar nan ba!"

Tabawa ta buɗe ido da ƙyar, ta ɗaga matashin kanta.

Kwalin sukari ne, an ci rabi, kiyashi sun rufe shi baƙi ƙirin.

"Maigida," ta ce a hankali, "ga likitocinka nan."