Sunan da Ke Baitin Ƙarshe

Da hantsi saƙon ya shigo, Edita yana ɗakin da ya mayar ofis, yana tace waƙoƙin da aka turo wa mujallarsa ta intanet. Mujallar ba ta buga komai sai gazal, waƙar nan mai ɗango bibbiyu, wadda mawaƙi yake ambaton laƙabinsa a baitin ƙarshe, kamar mai sa hannu a takarda.

Wannan waƙar kuwa babu sunan mai turowa, babu baitin ƙarshe. Yana karanta farkonta ya gane ta. Ita ce waƙar da ya shirya bugawa mako mai zuwa da sunansa. A ƙasanta an rubuta: "Mayar da suna wurin mai shi."

To, gaskiyar magana, Edita bai taɓa tsara gazal ko ɗaya ba. Shekara biyu ke nan da mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi bayan ya sha shayin karin kumallo, lafiyarsa ƙalau, bai sake tashi ba. A cikin kayansa Edita ya tsinci littafi mai baƙin bango, cike da waƙoƙi. Tun daga nan duk mako yake kwafe ɗaya, ya goge laƙabin marigayi ya sa nasa, ya rera ta da ƙarfi don ya ji ko karin ya zauna, sannan ya buga. Da su ya yi suna. Ranar da asiri ya tonu, shi da mujallar sun gama yawo.

Ya duba durowa. Littafin yana nan, mabuɗi kuma bai taɓa barin aljihunsa ba.

Ya sauya kwaɗon durowar. Ya tsallake shafi ashirin ya zaɓo wata daga tsakiya, ya rera, ya ajiye. Kwana biyu, sai ga ta a akwatin saƙo, harafi bai ɓata ba, da gargaɗin nan a ƙasa.

Ya lissafa abokan mahaifinsa, duk sun rasu sai ɗaya da ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Ya fara rufe taga da rana tsaka. In babur ya tsaya a ƙofar gida, sai ya leƙa ta kafar ƙofa.

"Auta, ka rame kamar tsinke," in ji Inna, mahaifiyarsa, tana ajiye masa shayi kamar kullum. "Ungo, ƙara mini girman rubutun wayar nan, idona ya riga ni tsufa."

Ya gyara mata, ko duba fuskarta bai yi ba.

Saƙo na uku ne ya tsinka masa zuciya. A shafin ƙarshe na littafin akwai waƙar da alƙalamin marigayi ya tsaya a baiti na huɗu. Ita aka turo, har baiti na bakwai, karinta bai karye ba. A ƙasa: "Wannan na uku ne. Babu na huɗu."

Washegari da safe ya ɗauki littafin ya nufi kicin. In babu littafi, ai babu shaida. Inna tana gaban murhu ta ba shi baya. Ta miƙo masa kofin shayi, shi kuwa bakinsa a bushe, ya kwankwaɗe. Sannan ya kanga bangon littafin a wuta.

Takarda ta fara ci. Sai Inna ta soma rerawa a hankali, baiti na biyar, na shida, na bakwai. Ta zarce na takwas, na ƙarshe, kuma laƙabin da ya faɗo a ciki ba na marigayi ba ne.

"Ƙona shi, ɗan nan, duk suna kaina," in ji ta, tana karɓar kofin daga hannunsa ta ɗauraye shi sau biyu. "Babanka rubutawa kawai yake yi, ni nake faɗa. Da ya cire sunana ya sa nasa, shi ma gargaɗi uku na yi masa kafin na miƙa masa nasa shayin."