Haƙoran Inna

Daminar da ambaliya ta cinye mana gero ina 'yar shekara takwas. Rumbunmu wayam. Wata rana bayan azahar Inna ta ɗauki ƙwarya, na bi ta zuwa gindin wata ɗinya a bakin fadama, bayan Katagum. Muka tarar an riga mu. 'Ya'yan ɗinyar da suka faɗa cikin taɓo muka tsince, da ƙyar suka rufe gindin ƙwaryar.

Da muka dawo ta wanke su, ta murje cikin ruwa, ta tsame ƙwallayen, ta zuba ɗan tafin dusa ta dama a kan wuta. Har gobe ina jin ƙanshin nan, zaƙi-zaƙi da ƙauri. Ta raba mana a ƙoƙo, ni da ƙannena biyu.

Na ce, "Inna, ke fa?"

Ta ce, "Ku sha abinku. Ni tun a gindin bishiya na ƙoshi."

Duk wanda ya san ɗinya ya san ba a cin ta a ɓoye, sai ta baƙanta harshe da haƙora. Inna ta yi mini murmushi, haƙoranta farare tas. Na gani sarai. Na sunkuyar da kai, na shanye nawa, har na suɗe ƙoƙon.

Inna ba ta kai lokacin kaka da rai ba.

Yau na girme ta. In na shiga kasuwar Azare nakan sayo wa yarana ɗinya. Ban sake sa ta a baki ba. In suka ce, "Mama, ke fa?" sai in ce na ƙoshi.