Ƙofar da Aka Buɗe wa Odessa

Ta cikin gilashin ɗakin ziyara na hango Odessa rungume da ɗanta, yatsunta har cikin sumarsa.

Ni kuwa kan waya ne a kunnena, Thaddeus ɗina yana ɗaya gefen gilashin. Tun da aka yanke masa hukuncin kisa ban taɓa ko farcensa ba. Farare zalla ne suka zauna a kan shari'arsa. Abokinsa farar fata da aka kama su tare kuwa tuni yana gida yana cin girkin uwarsa.

"Mama, kina ji na kuwa?" in ji Thaddeus.

Ina fa! Ni da Odessa cocinmu ɗaya, launinmu ɗaya, hukuncin 'ya'yanmu ɗaya. Da me ta fi ni? Na dai san a gidajen farare ta tsufa tana girki.

Ba ni da yawan magana, amma a motar komawa gari na kasa haɗiyewa.

"'Yar'uwa Odessa, ashe soyayyun kajin nan naki har ƙofar kurkuku suke buɗewa? Wane ubangidan ne ya yi miki hanya? A sa mu a ciki mana."

Ta daɗe tana shinshina tafin hannunta kafin ta ɗago.

"Lavonne, ba a buɗe wa uwa wannan ƙofa sai an tsayar wa ɗanta rana. Alhamis za su yi masa allurar kisa."

Ta kamo hannuna ta matse.

"Allah ya bar ki da gilashinki."