Ƙeyar Wani Bawan Allah

"Tir! Kai, cire mana wannan ƙazantar!" in ji Dogo tela, yana zaune a kujerar aski.

Ranar ce gidan talabijin ya koma sabon tsarin nan mai hoto tangaran, har gashin gira sai ka ƙirga. Mai aski ya kafa sabuwar talabijin, shago ya cika maƙil.

Ana nuna masu bin layi a tashar mota. Kyamara ta tsaya a ƙeyar wani mutum. Makero ya cinye ta, ga ƙuraje sun nuna suna tsatsar da ruwa, ƙuda na sauka yana tashi.

Dogo ya tofar da yawu. "Wannan ba shi da mata ne? Ko abokin da zai gaya masa gaskiya? Ai wanda ke masa aski ɗauri ya kamace shi."

Mai aski ya ci gaba da aikinsa. Da ma shi ba ya ajiye madubin duba baya, kuma duk ranar da Dogo ya yi kukan ƙaiƙayi, sai ya ce, "Gumi ne kawai, mutumina."

Can mutumin cikin talabijin ya waiwayo. Ga tef ɗin awo rataye a wuyansa.

Ashe Dogo ne da kansa. Kowa ya kai hannu yana shafa ƙeyarsa.

Mai aski ya lallaɓa ya kashe talabijin. "Ni wallahi tsohuwar ta fi min."