Ɗigo Ɗaya Daga Randar Sadaka

Bayan amai da gudawa sun ɗauke ƙanena, Inna ta girka randa a ƙofar gidanmu a unguwar Katako ta birnin Yamai, masu wucewa su sha, ladan ya kai masa. Baba kuwa aikinsa binciken ƙwayoyin cutar cikin ruwa. Wata la'asar ya ɗiga ruwan randar a mikroskop, madubinsa na ƙara girman abu, ya ɗaga ni na leƙa. Wasu 'yan mitsi-mitsi suna ta iyo.

Na ce, "Su ne suka kashe ƙanena?"

"Su ne. Kada ki gaya wa Innarki. Ni zan riƙa tafasa ruwan."

Yau har ƙasashen waje ana karanta bincikensa kan rijiyoyin Yamai. Ni dai har yanzu, in an miƙo mini ruwa, sai na ga suna iyo.